Rahoton Ayyukan Shekara: Inda Muka Kwana Kan Irin Alfalfa

Assalamu alaikum iyayenmu, 'yan uwa membobi maza da mata.

Aikin da ya fi cin lokacin ƙungiya bana shi ne gonar gwajin alfalfa, wani tsiro da ake nomawa don abincin dabbobi, da ke bakin kanal a yankin Kadawa, inda muke shan ruwan Tiga. Mun yi shuka da shigowar hunturu, tsiro ya fito lafiya, aka yi ta yanka tana tohowa. Masu kiwon turke da suka haɗa ta da dusa sun yaba, musamman a bazara lokacin da kuɗin harawa ya gagari mai ƙaramin ƙarfi.

Da damina ta kankama ne aka ga bambanci. A ɓangaren laka, inda ruwa ke kwana, ganye ya koma rawaya, tsiro ya kwanta. Idan ka tumɓuke ɗaya sai ka ga saiwar ta yi baƙi, ta ruɓe, tana saɓulewa a hannu. Ruɓewar saiwa ce, kuma alfalfa ba ta shiri da ruwa mai kwanciya. Amma a cikin wannan wuri akwai tsiraru da suka tsaya kore shar. Mun kafa wa kowanne ƙaramin turke, mun hana yanka su, su ne iyayen irinmu na gaba.

A nan kwamiti ke roƙon haƙuri. Ƙudan zuma da danginsa ne ke yi wa alfalfa barbara daga fure zuwa fure, don haka ƙwayar da aka samu daga tsiro mai juriya ba lallai ta gaji uwar ba. Sai an ware zaɓaɓɓun nesa da sauran, a tara irinsu, a mayar da shi ƙasa mai ciwon, a sake zaɓe, zagaye bayan zagaye. Haka masu bincike suka bi a Amurka kafin Jami'ar Wisconsin ta fitar da irin Vernal a 1953, mai jure cutar yaushi. Shi don ƙasar sanyi aka yi shi, ba zai biya mana buƙata ba. Saboda haka kada kowa ya sayar da irin gonar ƙungiya da sunan mai jure cuta. Bai kai nan ba tukuna.

Sashen mata ya kula da shanya a inuwa, ganye bai kakkaɓe ba, alhali a ganyen amfanin yake. Allah Ya saka musu. Muna kuma tunatarwa: kada a saki dabba mai yunwa kan ɗanyar alfalfa, tana kawo kumburin ciki.

Baɗi, in Allah Ya kai mu, za mu ɗaga kunya a ɓangaren laka, mu kuma kai samfurin saiwa cibiyar binciken dabbobi ta Shika, Zariya, a duba mana. Muna neman memba mai fili a gefe, nesa da wata gonar alfalfa, ya ara wa ƙungiya don dashen zaɓaɓɓun. Mai hali ya sanar da sakatare kafin taron wata mai zuwa.