Alamar CE Ba Sitika Ba Ce: Jan Hankali Ga Masu Ƙera Kayan Lantarki

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin matasanmu masu haɗa inbata da caja da fitilun LED, waɗanda suka fara hangen kasuwannin Turai da Amurka.

Duk mai sauraron rediyo a gajeren zango ya san ƙarar nan da ke cika tasha da zarar an jona wata caja mai arha. Ƙarar daga cajar take fitowa, kuma ita ce dokar Tarayyar Turai mai lamba 2014/30/EU ta zo ta hana. Dokar ta fara aiki ranar 20 ga Afrilu, 2016. Buƙatunta biyu ne: kada na'urarka ta dagula wa wasu na'urori aiki, kuma ita ma ta jure hayaniyar da ke kewaye da ita.

Dokar ta yarda mai ƙera kaya ya tantance kayansa da kansa, ya sa hannu a takardar shaidar cika ƙa'ida, ya buga alamar CE, wato alamar da ke nuna kaya sun cika ƙa'idojin Tarayyar Turai, da tsayinta bai gaza milimita 5 ba. A nan ne da yawa ke kuskure, suna zaton an yafe musu gwaji. Alhaki ne aka ɗora maka kacokan. Dole ka haɗa kundin fasaha mai ɗauke da zanen na'ura, da jerin kayan cikinta, da ma'aunin da ka bi, da sakamakon gwaji, ka adana shi shekara 10 bayan kayan sun shiga kasuwa. Ranar da jami'ai suka nema ba ka da shi, suna iya janye kayanka.

Kowane irin kaya da ma'auninsa. Dangin kwamfuta da talabijin suna bin ma'aunan Turai masu lamba EN 55032 da EN 55035, fitilu kuma EN 55015. Ana auna hayaniyar da ke bin wayar wuta daga mitar zango 150 kHz (a fitilu daga 9 kHz) zuwa 30 MHz, sannan wadda ke tashi ta iska daga 30 MHz zuwa sama. Ana kuma harba wa na'ura tartsatsin lantarki mai ƙarfin 4 kV ta taɓawa da 8 kV ta iska, a ga ko za ta ɗauke.

Galibin masu faɗuwa gwajin, sashen sarrafa wuta ne ke kayar da su, saboda yana kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda. In aka cire matacin hayaniya na bakin shigar wuta don a rage kuɗi, ko aka bar waya ta yi tsawo a cikin akwati, wayar sai ta zama eriya. Zoben ferayit (zoben da ake zura waya a cikinsa don rage hayaniya) da gajarta waya da gyaran layin ƙasa a kan allon da'irar lantarki kan magance wannan, amma fa tun a zane. Gyara bayan an buga allo dubu asara ce. Shi ya sa nake ganin wajibi ne a auna samfurin farko da na'urar duba mitar zango tun kafin a biya kuɗin babban ɗakin gwaji. Kuma wanda ya canza taransifoma ko kafasita bayan gwaji, ya sani sakamakonsa na baya bai rufe sabon kayan ba.

Amurka na da irin wannan tsari a Sashe na 15 na dokokin FCC, hukumar sadarwa ta ƙasar, sai dai wajibi ne mai ɗaukar alhakin kayan ya kasance a cikin Amurka. Na'ura mai Wi-Fi ko Bluetooth kuwa ba ta shiga wannan sassauci a can, sai wata cibiyar da FCC ta amince da ita ta ba ta shaida, a Turai ma dokar 2014/53/EU ce ke hukunta ta. Takardar MANCAP, shaidar ingancin kaya ta hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, tana da amfaninta a gida, amma ba ta maye gurbin ko ɗaya cikin waɗannan.

Ina kira ga jami'o'inmu da kwalejojin fasaha su tanadi kayan gwajin farko da ƙananan masu sana'a za su riƙa haya.

Wassalam.
Wani injiniyan lantarki, daga Kano.