Wasiƙa Zuwa Ga Abba Kan Alƙaluman Ambato Da Hannun Baffansa

Unguwar Rimi, Kaduna.

Ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyalinka, hoton da ka turo a zauren WhatsApp na gida ya iso, kuma mahaifiyarka ta sa ƙanwarka ta buɗe mata shi har sau uku, tana tambaya ko waɗannan sanduna masu hawa kamar matakala ƙarin albashi ne. Na bayyana mata cewa shafinka ne na Google Scholar, kuma lambar da ke sama tana nufin masu bincike sun kafa hujja da rubuce-rubucenka kan farfaɗo da masu shanyewar ɓarin jiki fiye da sau dubu. Ta sa maka albarka, na ce amin. Na ji daɗi fiye da yadda na nuna a waya, domin ka san ba a yabon ɗa a kan idonsa. Sai dai shekara talatin da na yi a aikin laburare sun bar ni da abin faɗa game da irin waɗannan alƙaluma, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wannan ƙidaya ba don auna darajar malamai aka ƙirƙiro ta ba. Eugene Garfield ya fara fitar da Science Citation Index a 1964 domin mai bincike ya iya bin sawun maƙala, ya ga wanda ya ɗora a kanta da wanda ya gyara ta, kusan yadda malamanmu na zaure suke bin isnadi don su san daga bakin wa magana ta fito. Na fara ganin kundayen ne lokacin da aka tura mu kwas, manya-manya, rubutunsu ƙanana kamar ƙwayar gero, kuma a lokacin babu wanda ya ɗauka wata rana da su za a riƙa raba muƙamai. A 2005 ne Jorge Hirsch, masanin kimiyyar fiziya a Kalifoniya, ya kawo ma'aunin nan na h da kuke ta kallo. Ka fi ni sanin lissafinsa, cewa mai h na 12 yana da maƙala 12 waɗanda aka ambaci kowace aƙalla sau 12, amma ina so ka lura da abin da ma'aunin bai gani. Bai san ko an ambace ka ne don a yaba maka ko don a warware kuskurenka ba. Bai bambanta wanda ya kwana a kan aiki da wanda sunansa ya zo na ɗari uku a jerin marubuta ba. Ba ya sauka ko da mutum ya ajiye aiki shekara goma. Kuma fannoni ba ɗaya suke ba, domin maƙalar da ta tattara binciken wasu takan fi samun ambato a kan gwajin da aka yi shekara uku ana bin majiyyata gida-gida. Masana da kansu sun gane haka, har suka tsara sanarwar San Francisco a 2012, wadda ta ce a daina auna mai bincike da martabar mujallar da ya buga a ciki, a duba aikin kansa.

Akwai wata maƙala a fanninku da nake yawan tunawa. A 1965 wata likita, Florence Mahoney, da wata ma'aikaciyar gashi, wato mai motsa gaɓoɓin majiyyata don su farfaɗo, Dorothea Barthel, suka buga 'yan shafuka kaɗan a mujallar likitocin jihar Maryland, wadda ba ta cikin manyan mujallun duniya. Abin da suka tambaya abu goma ne na yau da kullum, irin su ko majiyyaci yana iya ci da kansa, da wanka, da sa tufafi, da zuwa bayan gida, da hawa matakala. Yau sassan gashi da yawa a duniya suna aiki da ma'aunin Barthel, kuma an ambaci wannan 'yar maƙala sau dubbai. Ambaton ya biyo ta ne saboda ma'aikatan asibiti sun same ta tana biya musu buƙata a bakin gadon mara lafiya.

To, amma ka ɗauki ma'aunin Barthel ka je Tudun Wada ka auna Baffanka, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da shi. Zai ci maki mai kyau, domin yanzu yana tafiya da sanda, yana zura rigarsa, yana kai loma baki. Abin da takardar ba za ta tambaye shi ba shi ne da wane hannu yake ci. Na zauna da shi makon jiya aka kawo tuwo, na ga ya juya gefe don kada yara su ga yana ci da hagu. Ba za ta tambaye shi ko yana iya karkata buta da hannu ɗaya ya yi alwala ba, ko yana iya tsugunno a irin bayan gidanmu, ko yana iya sauka kan tabarma ya miƙe ba tare da an kama shi ba. Ya gaya mini cewa ranar da ya fara yin sujada da goshinsa a ƙasa, bayan wata bakwai yana salla a kan kujera, ita ce ranar da ya ji ya warke, alhali a takardun asibiti babu gurbin da za a rubuta wannan rana. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana riƙe almakashi a shagon ɗinki, yanzu matarsa ce take zuba masa wake a faranti bayan la'asar, yana tsinta ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa da manuni yana jefawa a kofi. Wani ya suɓuce, ya yi tsaki, ya sake kamawa. Idan ya gaji sai ta miƙa masa carbi, wai a haɗa gashi da lada.

Ka kuma tuna yadda abin ya fara. Ya faɗi bayan sallar asuba, bakinsa ya karkace, maganarsa ta harɗe, aka ce iska ce ta buge shi. Mako biyu aka yi ana hayaƙi da shafe-shafe kafin a kai shi asibiti, kuma ni da nake ganin na yi boko ina cikin waɗanda suka yi shiru don gudun ɓacin ran dangi. Sai daga baya, da na dukufa karatu a kan ciwon, na gane cewa tun a sa'o'in farko ya kamata a kai shi, kuma mafi yawan farfaɗowa a watanni uku na farko take faruwa. Hawan jinin da ya jawo masa wannan ya daɗe da shi, yana shan magani idan kansa ya yi ciwo, ya ajiye idan ya ji sauƙi. Babban binciken SIREN da aka yi a Nijeriya da Ghana, wanda aka buga sakamakonsa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin abubuwan da suke jawo mana wannan ciwo.

Abin da nake tsoro a gare ka shi ne ka zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Mai neman ambato yakan zaɓi tambayar da ake yayi a Turai da Amurka, domin a can masu ambaton suka fi yawa. Dubi dabarar nan ta ɗaure lafiyayyen hannu don a tilasta wa shanyayyen aiki, wadda Edward Taub ya assasa. Gwajin EXCITE na 2006 a Amurka ya tabbatar da amfaninta a kan mutum 222, amma tsarin ya ƙunshi horo har sa'a shida a rana na tsawon mako biyu. Wane sashen gashi ne a nan yake da ma'aikatan da za su zauna da mutum ɗaya sa'a shida, kuma wane magidanci ne zai biya kuɗin Keke Napep kullum daga Rigasa ko Kawo? Tambayarmu ita ce yaya za a mayar da wannan dabara abin da matar gida ko ɗan sakandare zai iya tsayawa a kai a tsakar gida, da wake da murafen kwalba da buta, kuma a gwada a ga ko yana aiki. Mai yiwuwa a jima ba a ambaci irin wannan maƙala ba. Ka rubuta ta duk da haka, kuma ka tsara ta da inganci yadda editan kowace mujalla zai ji nauyin mayar da ita.

Idan kuma gwaji ya ba ka abin da ba ka so, ka buga shi yadda ya zo. Masu gwajin AVERT, ƙarƙashin Julie Bernhardt ta Ostareliya, sun yi zaton tayar da majiyyaci daga gado da wuri sosai, cikin sa'a 24 na farko, tare da yawaita motsa shi, zai ƙara masa sauƙi. Da suka bi mutum fiye da 2,000 sai sakamakon 2015 ya nuna akasin haka, kuma suka faɗa wa duniya. Asibitoci da yawa sun gyara aikinsu saboda wannan gaskiyar.

Na san matsin da kuke ciki, cewa ƙarin girma a jami'a sai da adadin maƙalu. A laburare na ga wani malami, ba zan ambaci sunansa ko makarantarsa ba, ya kawo maƙala tara a ɗaure masa, da na duba sai na tarar bincike ɗaya ne aka yayyanka kamar tsire, aka sauya kanun kowace. Taron tsintsiya ne babu shara. Ka nisanci mujallun da suke aiko da saƙo suna alkawarin bugawa cikin mako ɗaya idan ka biya dala, da cinikin nan na sa sunana in sa naka, da cusa tsofaffin maƙalunka a ƙarshen sabuwa inda ba su da hurumi. Ɗalibin da ya yi wahalar tattara bayanai kuwa, sunansa ya zo inda ya cancanta, ko da kai ne malaminsa.

Mutanen da ka auna hannayensu da ƙafafunsu sun ba ka lokacinsu da sirrin jikinsu ba tare da an biya su ba, kuma mafi yawansu ba za su iya karanta layi ɗaya na abin da ka rubuta da Turanci ba. Ina so duk binciken da ka kammala ka fitar da shafi ɗaya da Hausa mai sauƙi, da zane, wanda za a iya miƙa wa mai jinya a bakin ƙofar sashen gashi, ko a karanta a rediyo ranar 29 ga Oktoba da ake tunawa da wannan ciwo a duniya. Ka fara da na Baffanka. Matarsa ta ce in tambaye ka ko sau nawa ya kamata ya tsinci waken a zama ɗaya, da kuma abin da za a yi da kafaɗar da take masa ciwo da dare, domin yara suna jan hannun idan za su tayar da shi, ni kuwa na hana har sai mun ji daga gare ka.

Idan za ka zo hutun Babbar Salla ka taho da na'urar awon jini guda biyu, ɗaya ta gidan nan, ɗaya ta Tudun Wada. Ka gaishe da mai ɗakinka da yara. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.