Maganar ƙullutun Inna

Assalamu alaikum Yaya, ya gida, ya jikin Inna, ya zafin Garwa. Nan Liyon lafiya lau sai sanyi, karatu da ɗan aikin dare suna tafiya Alhamdulillah.

Yaya wallahi raina ya ɓaci, ace sai a bakin Auta zan ji cewa ƙullutun nonon Inna ya ƙara girma kuma Kawu ya kawo mai magani yana mata shafe-shafe wai sammu ne. Na turo sefa dubu 250 ta Orange Money, kuɗin asibiti ne, ko dala kar a ba mutumin nan.

Abin da nake karantawa kenan fa. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da kiromosom 46, a cikinsu akwai umarnin yaushe zata rabu yaushe zata tsaya, kamar makunnin lantarki, wani a kunne wani a kashe. A ciwon kansa, wato ciwon daji, sai tsarin ya birkice, masu tsayarwa irin su p53 su lalace ko a rufe su, masu cewa a rabu kuma su yawaita. Cikin masu cewa a rabu akwai wani da ake kira HER2 a kiromosom na 17, maimakon kwafi 2 sai ƙari ya tara kwafi da yawa, kusan 1 cikin 5 na kansar nono haka take kuma tana da maganinta daban, trastuzumab. Wata kuma sinadarin mata ke ciyar da ita, wannan ƙwayar tamoxifen ake sha. Ba a ganewa da ido ko taɓawa, sai an ciri ɗan nama an gwada, kuma ƙila ma ba kansa bace, gwajin ne zai faɗa.

Dan Allah ka kaita da kanka. In likita yace Yawunde ku shiga jirgin ƙasa daga Ngaundare, zan ƙaro kuɗi ƙarshen wata. Ka ɗauki hoton takardar sakamakon ka turo min.

Nasan kai ke ɗauke da komai ni ina nan nesa sai baki, abin yana cina. Amma ka tuna yayar Inna ciwon nono ne ajalinta, wani lokaci ana gadonsa ta lalacewar wasu ƙwayoyin gado da ake kira BRCA1 ko BRCA2, ka faɗawa likita wannan, su Auta ma a duba su.

Kuɗin nan na asibiti ne Yaya, kar Kawu ya karɓa ko da sunan rance. Ka gaida Inna, kace zan kira Juma'a bayan masallaci.

Ƙaninka