Na'urar ba ta san sabuwar lamba da tsohuwa ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙon da kuka kawo a shirin tattalin arziki na makon jiya ya ɓata min rai, kuma mai gabatarwa ya ƙyale shi yana ta zuba. Wai na'urar da ke fitar da masu cin kyauta a ajiyar Premium Bonds ta nan Birtaniya, inda mai ajiya ke sayen lambobi ana yin ƙuri'a a kansu kowane wata, tana fifita sabbin lambobi, don haka mai tsohuwar ajiya ya cire kuɗinsa ya sake saya. Haba! A ina ya ji wannan?

Na'urar, wadda ake kira ERNIE, ba ta san sunan kowa ba, ba ta san ranar da aka sayi lamba ba. Aikinta kawai ta zubo lambobi barkatai. Sai ta gama ake gwada su da lambobin da ke hannun mutane, wadda ta dace ta ci, wadda ba ta da mai ita a watsar. ERNIE ta farko, ta 1957, daga hargitsin lantarki a cikin kwalaben iskar neon take samo lambobinta. Ta biyar, tun 2019, da ƙwayoyin haske take aiki. Kowane wata kuma masana lissafi na wani sashen gwamnati daban suna tantance sakamakon. Kowane fam ɗaya lamba ɗaya ce, damarsu duka ɗaya. In sabbi sun fi ci, ai su suka fi yawa a cikin kaskon. A da fam ɗaya ma ana saye, yau mutum na iya zuba har fam 50,000.

Ni ban saya ba, batun halaccinta na bar wa malamai. Amma abokin aikina ya ji shirinku, washegari a ɗakin shan shayi ya buɗe wayarsa ya cire komai a gabana, ina hana shi yana cewa ai masani ne ya faɗa. Sabuwar lamba sai ta cika wata guda cur kafin ta shiga ƙuri'a. Ga shi nan ya zubar da damarsa a banza. Wa zai ɗauki alhakin wannan? Ku dawo da maganar a shiri na gaba ku gyara, da bakin wanda ya san lissafi.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sa wa a ƙarƙashin hira. Da kyar ake jin masu bugo waya.

Naku mai sauraro,
daga Ingila