Wasiƙar godiya ga masu shagon injinan katako na Sokoban, kasuwar katako ta Kumasi

Zuwa ga Alhaji mai shago da ma'aikatansa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode muku a kan ƙaramin injin zarto mai bel da kuka sayar mini, da kuma yadda ba ku juya mini baya ba bayan an gama ciniki. Ni kafinta ne mai aiki a gida, a wani ɗaki da ke jikin zaurenmu a unguwar Aboabo ta Kumasi, kuma akasarin abin da nake yi alluna ne na makarantun Zango, da kujerun ɗora Alƙur'ani, da 'yan kujerun mata na tsakar gida.

A shagonku akwai manyan injina waɗanda ribarsu ta fi tsoka, amma Alhaji bai nuna mini ko ɗaya daga cikinsu ba sai da ya tambaye ni irin aikin da nake yi, da faɗin ɗakin, da ƙarfin wutar gidan. Daga nan ya kai ni gaban ƙaramin, wanda ake ɗorawa a kan teburi, mai wili biyu na inci 9, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, bel ɗin ƙarfe mai haƙora yana zagaya su. Ya faɗa mini gaskiyar iyakarsa: kaurin katakon da zai ci bai wuce wajen inci 3 da rabi ba, kuma ba a yi shi don tsaga gungume ba. Katako mai laushi da ake kira wawa injin zai yanka shi cikin sauƙi, mai tauri irin odum kuwa sai da haƙuri da sabon bel, in kuma ya yi kauri sosai gara a kai shi wurin masu manyan injina. Ya kuma gargaɗe ni game da injinan gwanjo da ake kawowa daga Amurka, waɗanda aka ƙera don wuta mai bolt 120, alhali tamu ta Gana 230 ce, ga shi wanda ya jona irinsu ba tare da taransifoma ba ya ƙona injin nan take.

Amfanin wannan inji yana cikin lanƙwasa. Duk wanda ya san allo ya san cewa wahalarsa tana wurin kai da kafaɗu, inda layi yake karkata ya shiga wuya ya sake fitowa. A da, da zarton hannu nake rage katakon, sannan in bi shi da gizago da magagari har siffar ta fito, kuma da wuya alluna biyu su zo daidai. Yanzu zana layin nake yi da fensir, in tura katakon a hankali ina juya shi da hannu biyu, bel ɗin yana bin zanen kamar allurar keken ɗinki a hannun tela. Saboda bel ɗin siriri ne, abin da yake mayarwa gari kaɗan ne, don haka guntayen katakon da nake saye da araha a Sokoban suna ba ni ƙafafun kujera da mariƙai, maimakon su ƙare a murhu. Wani abin da ya kwantar mini da hankali shi ne haƙoran ƙasa suke yi, suna danna katakon a kan teburin injin, ba kamar zarto mai faifai ba wanda kan cillo katako baya ya sami mai aiki. Wannan bai hana shi cin yatsa ba in aka yi sakaci, shi ya sa nake rufe ɗakin idan yara sun taso daga makaranta. Ƙararsa ma ba ta kai ta faifan ba, kuma a gidan haya mai ɗakuna jere wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ina godiya ta musamman ga matashin da ke kula da gyara, wanda ya zaunar da ni ya koya mini abubuwan da ba a rubuta a jikin kwali ba. Shi ya nuna mini cewa bel mai faɗin kwatan inci shi ne na lanƙwasa mai tsanani, mai faɗi kuma na miƙaƙƙen layi ne. Cewa aƙalla haƙora 3 su kasance cikin katakon a kowane lokaci. Cewa a sauko da mariƙin bel na sama har ya kusa taɓa katakon. Kuma a sassauta bel ɗin idan an tashi aiki da yamma. Da bel ɗina ya tsinke a mahaɗa, ya yi masa walda, ya goge wurin har na shafa da yatsa ban ji tudu ba. Wannan mahaɗa ita ce matsalar injin tun asali: William Newberry ya yi rajistar ƙirarsa a Ingila a 1809, amma bai karɓu ba sai bayan da wata Bafaransa, Anne Paulin Crepin, ta fito da hanyar haɗa bel ɗin da ba ya saurin rabuwa a 1846.

Tun da aka tashi kafintoci daga unguwar Anloga ta Kumasi aka mayar da su Sokoban saboda aikin titin Oforikrom zuwa Asokwa, tafiyar ta yi mana nisa mu mutanen Aboabo da Asawase. Saboda haka ina roƙon ku riƙa ajiye siraran bel da robar da ke kan wili da yawa, domin su ne suke fara ƙarewa, kuma kada mutum ya biya kuɗin mota ya tarar babu.

Allah ya sa albarka a kasuwarku, ya ƙara wa Alhaji lafiya, ya kuma raya yaran shagon.

Naku,
Wani kafinta daga Aboabo, Kumasi