Shin Cocin Katolika ta ɓoye wa talakawa Littafi Mai Tsarki?

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ake yawan maimaitawa a muhawarar addini, wai Cocin Katolika ta kulle Littafi Mai Tsarki shekaru aru-aru don kada talaka ya san abin da ke ciki. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma masu yin ta sukan manta da yadda littafi yake kafin zuwan injin ɗab'i.

Duk wanda ya taɓa ganin alaramma yana rubuta Alƙur'ani da alƙalamin kara da tawada ya san watannin da aikin yake ci. Haka sufayen Turai suka sha fama, sai dai su a kan fata suke rubutu. Kwafin Littafi Mai Tsarki mai suna Amiatinus da aka rubuta a arewacin Ingila wajen shekara ta 700 ya lashe fatun maruƙa kimanin 500, nauyinsa kuma ya haura kilo 30. Ina manomi zai samo kuɗin irin wannan, alhali ko an ba shi kyauta bai iya karatu ba? Sarƙar da ake ɗaure littattafai da ita a ɗakunan karatu, saboda ɓarayi aka yi ta. Shi kansa Latin ɗin da ake rubuta littafin da shi, lokacin da malamin coci Jerome ya fara aikin fassararsa a 382 bisa umarnin Paparoma Damasus, harshe ne da ake ciniki da shi a kasuwar Roma.

Duk da haka, bai kamata 'yan Katolika su musanta cewa an yi hani ba. Majalisar coci ta birnin Toulouse a 1229 ta hana waɗanda ba limamai ba mallakar littafin, a lokacin da ake yaƙar 'yan Kathar, wata ɗariƙa da coci ta ɗauka ta bidi'a ce, a kudancin Faransa. A Ingila kuwa, bayan fassarar da mabiyan malamin addini Wycliffe suka yi zuwa Turanci, Akbishop Arundel ya haramta sabuwar fassara ba da izini ba a 1409. Waɗannan dokoki na yanki ne, shi ya sa Jamus, inda Gutenberg mai injin ɗab'i ya buga nasa na Latin wajen 1455, ta samu bugu 18 cikin Jamusanci tun daga na mai buga littattafai Mentelin a 1466, kafin Luther, jagoran Furotesta, ya fito da nasa, Italiya kuma ta samu fassarar sufi Malermi cikin Italiyanci a 1471.

A ganina, laifi mafi nauyi ya zo ne bayan ɓallewar Furotesta, lokacin da littafi ya yi araha kuma uzurin tsada ya kau. Dokar Roma ta 1564 ta ce sai da rubutaccen izini mutum zai karanta fassara cikin harshensa, a Italiya ma aka ƙara tsanantawa a 1596, ba a kuwa sassauta ba sai a 1757, zamanin Paparoma Benedict na 14.

Naka,
Wani mai karatu daga Jos