A Adana Bayanan Tsofaffin Gadojin Ƙarfe Kafin A Cire Su

Ranka ya daɗe Edita,

A matsayina na tsohon mai walda, ina roƙon fili in yi magana kan tsofaffin gadojin ƙarfe na karkara. Ban ƙi a sauya su ba, don tsatsa ta ci da yawansu, kuma ba a ƙera su don nauyin tirela ba. Amma kafin a yanka su da wutar walda, a auna su, a zana, a ɗauki hoton kowace mahaɗa da allon da ke ɗauke da sunan kamfani da shekarar ƙira. Allon nan ne 'yan jari-bola ke fara ɓallewa.

Tun 1969 Amurka ta kafa shirin HAER, wato shirin adana bayanan tsofaffin ayyukan injiniya, don irin wannan aiki, ana ajiye zanen a ɗakin karatun majalisar dokokinta. Mu ma a nan, a sa sharaɗin adana bayanan cikin takardar kwangilar cire gadojin.

Naku,
Wani mai karatu